DAGA JINKA ZUWA KWANO: TARIHIN RUFIN ƊAKI A ƘAURAN NAMODA DA SHINKAFI DA ZURMI

Gabatarwa

Hausawa kan ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko da yake a kan yi wannan karin magana ne a kan al'amuran zaman duniya, asalinta daga rufin ɗaki ta fito, kuma tana nuna irin matsayin da rufi yake da shi a tunanin Bahaushe. Bango yana iya tsagewa a ci gaba da kwana a ɗaki shekara da shekaru, amma ranar da rufi ya gaza, ran nan ake naɗe tabarmi a nemi wajen fakewa. Saboda haka ne magidanci ba ya samun natsuwa a kan gininsa sai ya ga an rufe shi, kuma sau da yawa a nan ne mafi yawan kuɗinsa ke tafiya.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda rufin ɗaki ya sauya a arewacin ƙasar Zamfara, watau a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, cikin kimanin shekaru ɗari biyu da suka wuce. A wasu ƙasashe, musamman Amurka, mai gina gida kan tsaya ya zaɓa tsakanin rufin ƙarfe da rufin kwalta. Wannan zaɓi ya zo ƙasar Zamfara shi ma, amma da wata kama dabam. A nan, tambayar da magidanta suka daɗe suna fama da ita ita ce: a rushe soro a buga kwano, ko kuwa a bar soron a shafe shi da kwalta? Ba za a fahimci amsar da jama'a suka bayar ba sai an san abin da ya gabaci kwano da kwalta duka biyu.

Ƙasar da Yanayinta

Garuruwan nan uku suna cikin yankin da kogin Gagare da kogin Bunsuru suke ratsawa kafin ruwansu ya zuba cikin gulbin Rima. Ruwan sama a wannan yanki bai cika kai milimita 1000 a shekara ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da watan Satumba. Kafin ya sauka sai an sha zafin bazara, inda ma'aunin zafi kan haura 40 a watannin Afrilu da Mayu. Farkon damina kuwa da guguwa da iska mai ƙarfi yake zuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne, mai sanyin dare da busasshiyar iska wadda ke sa kowane abu ya yi ƙamas. Ke nan rufin kirki a wannan ƙasa aiki huɗu ne a kansa: ya tare ruwa, ya tare zafi, ya jure iska, sa'an nan kada ya zama abincin wuta.

Ta fuskar tarihi kuma, waɗannan garuruwa ne na bakin daga. Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙaura ya ci sunansa, jagora ne na Fulanin Alibawa na yankin Zurmi, kuma yana cikin manyan mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804. Ya taka rawa a yaƙe-yaƙen da suka kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. Bayan haka, a tsawon ƙarni na goma sha tara, yankin ya zauna yana fuskantar hare-haren Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi. Mutane suka tattaru cikin ganuwa, ɗaki kusa da ɗaki. Matafiya Turawa sun bi ta nan a kan hanyarsu ta zuwa Sakkwato: Hugh Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, Heinrich Barth kuma ya bi ta Zurmi da Badarawa, wadda ke cikin ƙasar Shinkafi, a 1853. Bayanan da suka bari game da garuruwan Hausa na wancan zamani suna nuna ɗakunan ciyawa masu tsini a cakuɗe da soraye na ƙasa.

Jinka da Soro

Rufin talaka a wancan lokaci jinka ce. Da kaka, in ciyawa ta bushe, sai a yanko ta, a yanta ta da igiya, a naɗe. A kan haɗa tankar jinka a ƙasa da itatuwa ko karan dawa, a baibaye ta daga ƙasa zuwa sama ta yadda kowane layi zai rufe kan na ƙarƙashinsa, sa'an nan a kira maƙwabta a ɗaga a ɗora a kan ɗakin kago. Ba a kashe kuɗin a zo a gani ba, domin daji ne ya ba da ciyawa, gona ta ba da kara, jama'a suka ba da ƙarfi. Jinka tana da sanyi da bazara, tana kuma zubar da ruwa da kyau saboda gangarenta. Aibinta biyu ne. Ba ta daɗewa, bayan 'yan shekaru sai an sake baibaya. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, ita ce gobara. A gari mai ganuwa, inda jinka ke gogar jinka, tartsatsi ɗaya cikin hunturu ya isa ya cinye unguwa, haka kuma maƙiyi ba ya bukatar ya shiga gari kafin ya sa masa wuta.

Soro shi ne maganin wannan tsoro, amma ga mai hali: sarki, da attajiri, da babban malami. Ginshiƙin rufin soro azara ce, watau itacen giginya da aka faskara. Magina sun fi son na namijin giginya, domin ya fi tauri, gara ba ta cin sa da sauƙi. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita 2, kuma wannan iyaka ce ta haifar da mafi yawan hikimomin ginin Hausa. Don a faɗaɗa ɗaki, sai magina suka riƙa fitar da tauyi daga jikin bango, suna gicciya azara a kusurwoyi, har suka kai ga bakan gizo da ɗaurin guga. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a rabin farko na ƙarni na goma sha tara.

Bayan an jera azara, a kan shimfiɗa zana ko kara, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a yi mata ɗan gangare zuwa indararo. Abin da ya rage shi ne a hana ruwa shiga, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari, domin a nan ne daga baya kwalta ta sami ƙofar shiga. Magina suna da magunguna biyu. Na farko makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe. Ita tana bukatar sabuntawa a kai a kai. Na biyu shi ne laso, wanda ya fi ƙarko. Ana haɗa shi ne da katsi, watau laka da ake kwasowa daga gindin rijiyar rini a ƙona ta, da gashin awaki da ake samu wajen majema, da ruwan dafara mai yauƙi.

A lura da abin da wannan haɗi yake nunawa. Rufin soro ba aikin magini kaɗai ba ne. Yana bukatar marini ya ci gaba da rini, majemi ya ci gaba da jima, giginya da ɗorawa da dafara su ci gaba da tsira a daji, kuma a sami hannuwa a gida da za su hau sama kowace shekara kafin ruwan farko su toshe tsaga su share indararo. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kau, soron ya shiga hatsari. Tarihin ƙarni na ashirin kuwa, ta wannan fuska, labari ne na yadda suka riƙa kauwa ɗaya bayan ɗaya.

Jirgi ya Kawo Kwano

Kwanon rufi ɗan Ingila ne. A 1829 wani injiniya mai suna Henry Robinson Palmer, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Landan, ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe kwari da tudu, kamar kunyoyin gona, don ya yi ƙarfi ba tare da ya yi nauyi ba. A 1837 kuma Stanislas Sorel na Faransa ya yi rajistar dabarar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya don hana shi tsatsa. Haɗuwar dabarun nan biyu ta samar da rufi mai sauƙin ɗauka, wanda ake jera ɗaruruwansa a cikin jirgi, kowane kafinta kuma zai iya bugawa. Shi ya sa ya bi mulkin mallaka duk inda ya sa ƙafa.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, layin dogo ya isa Kano a 1911, amma arewacin Zamfara bai ga kwano da yawa ba sai da aka ja reshen layin daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. A nan layin ya tsaya, bai wuce ba, kuma wannan tsayawa ita ta ɗaukaka garin. Gyaɗa da auduga da fatu daga Shinkafi da Zurmi da Isa da ƙasashen da ke bayansu suka riƙa gangarowa Ƙaura a kan jakuna da raƙuma, daga baya kuma a manyan motoci. Taragun da suka tafi da gyaɗa ba su komo wayam ba. Sun zo da yadi da gishiri da kananzir da siminti da katako da ƙusa da bandir-bandir na kwano, waɗanda kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt ke sayarwa a kantunansu na garuruwan bakin layin dogo.

Sunan da Hausawa suka ba wannan baƙo abin lura ne.  Sun kira shi kwano, suna ɗaya da kwanon cin abinci. Har ila yau akwai wuraren da ake kira Gidan Kwano, kamar wanda ke kusa da Minna, kuma irin wannan suna yana nuni da zamanin da gida mai rufin kwano ya isa ya zama alamar kwatance.

Da farko kwano bai shiga cikin gari ba. Ya tsaya ne a tashar jirgi, da sito-sito na gyaɗa, da kantuna, da gidajen ma'aikatan jirgi, sai kuma gine-ginen En'e kamar makaranta da ɗakin shan magani. Dalilin jinkirin kuwa a bayyane yake. Shekarar da jirgi ya iso, 1929, ita ce shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa ya faɗi, manomi ya koma fafutukar kuɗin haraji. Kafin a farfaɗo sosai sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, daga 1939 zuwa 1945, kayan ƙarfe suka yi wuya. Sai a shekarun 1950 da 1960, lokacin da gyaɗa ta yi daraja, 'yan kasuwa da dillalan gyaɗa suka fara rufe gidajensu da kwano, har ya zama shaidar cewa mutum ya samu.

Kwano bai zo shi kaɗai ba, ya zo da sharuɗɗansa. Falle mai kusurwa huɗu ba ya zama a kan ɗaki mai da'ira, saboda haka ɗakin kago ya fara ja da baya, ɗakuna masu kusurwa huɗu a jere suka maye gurbinsa. Ba a buga kwano a kan azara, sai a kan katako, katakon kuwa daga dazuzzukan kudu yake fitowa. Ke nan kafinta ya karɓe rabin aikin magini. Mafi muhimmanci, rufi ya tashi daga abin da ake yi da ƙarfin gida da kayan daji, ya koma abin da ake saye da tsabar kuɗi. Magidanci ya huta da yaɓen shekara-shekara, amma daga ranar rufin ɗakinsa ya ɗauru da farashin kayan da ba a ƙasarsa ake yin su ba.

Shigowar Kwalta

Kalmar kwalta ararriya ce daga Ingilishi, daga sunan baƙin man da ake tatsa daga gawayin kwal. Hausawa sun haɗa shi suna ɗaya da baƙin dasƙararren da ke saura bayan an tace ɗanyen man fetur, wanda shi ne ake zuba wa tituna. Ta hanyar aikin titi ne kwalta ta shigo ƙasar Hausa, a cikin ganguna na ƙarfe. Gangunan ma ba a bar su ba: marasa hali kan fasa su, su baje, su yi ƙyaure ko rufin rumfa da su.

Kwalta ta iso ne daidai lokacin da laso ke ɓacewa. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban rini na kimiyya, yadin kanti kuma ya cika kasuwanni, marina suka riƙa mutuwa a hankali. Rijiyar da ba a rini a cikinta ba ta ba da katsi. Masu soraye suka nemi madadi. Wasu suka gwada siminti, sai aka tarar siminti da ƙasa ba sa jituwa: yaɓen kan ɗago daga jikin ƙasa ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Wasu kuma suka narka kwalta a wuta suka shafe saman soro da ita, wani lokaci a barbaɗa yashi a kai.

A shekarar farko dabarar kan yi kyau ƙwarai, domin ruwa ba ya ratsa kwalta. Amma yanayin ƙasar ba ya raga mata. Baƙin abu yana zuƙar zafin rana, saboda haka da bazara sai ta yi laushi ta riƙa malala zuwa gangare. Hasken rana kuma yana busar da man da ke cikinta, hunturu ya zo ya same ta ta yi tauri, ta tsattsage. Hatsarin da ya fi girma shi ne wanda ido ba ya gani. Makuba da laso suna barin ƙasa ta yi numfashi, in ta jiƙe ta bushe. Kwalta kuwa, in ruwa ya sami tsaga ya shiga ƙarƙashinta, tsare shi take yi. Ƙasa ta yi nauyi, kan azarar da ke cikin bango ya ruɓe, mai ɗaki yana ganin samansa baƙi ƙirin yana zaton lafiya, har daren da ruwa mai yawa zai sauka.

Gine-ginen hukuma ma sun ɗanɗana irin wannan. A shekarun 1960 da 1970 an yi yayin shimfiɗaɗɗen rufin kankare wanda ake liƙa wa tabarmar kwalta. Da yawa daga cikin irin waɗannan gine-gine a faɗin Nijeriya sun yi ta yoyo, har daga bisani aka ɗora musu rufin kwano mai gangare a sama. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an tsara ta har da sashen samar da kwalta, amma wannan bai sauya halin kwalta a ƙarƙashin ranar Zamfara ba.

Irin rufin kwaltar da Amurkawa ke amfani da shi dabam ne. Ƙananan fallaye ne na zare da aka jiƙa da kwalta aka barbaɗa musu tsakuwa, waɗanda aka fara yankawa a jihar Mishigan wajen 1903. Ana jera su ne kamar ɓawon kifi a kan shimfiɗar katako wadda ta rufe saman ɗaki baki ɗaya. A ƙasar da katako ke da araha wannan ba matsala ba ce. A Shinkafi ko Zurmi kuwa, inda katako ke cikin mafi tsadar kayan gini, gara kuma tana jira, rufin da ke bukatar ninkin katako ba shi da kasuwa. Abin da ya iso biranen Nijeriya a maimakonsa shi ne kwano mai tsakuwa, wanda jama'a ke kira Gerard. Asalinsa daga New Zealand ne a shekarun 1950, inda aka fara shafa wa fallen ƙarfe ruwan kwalta a barbaɗa masa tsakuwa. Ke nan a cikinsa kwano da kwalta suka haɗu, amma ƙarfe ne ke ɗauke da aikin.

Daga Shekarun Man Fetur Zuwa Yau

Shekarun 1970 su suka yanke hukunci. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe itatuwa da dabbobi, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta karya nomanta, matasa suka bazama birane neman kuɗi. A daidai lokacin kuma kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka shigo hannun ma'aikata. Hannuwan da ke yaɓen soro suka ragu, kuɗin sayen kwano suka ƙaru. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato, wanda ya fara aiki a 1967, ya kusanto da bulo. Kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983 ya kawo ɗalibai da ma'aikata masu neman haya, mai gidan haya kuwa ba ya son rufin da zai riƙa hawa kowace shekara.

Daga 1986, lokacin da aka karya darajar naira, farashin kwano ya fara hawan da bai sauko ba. Bandir ɗin bai sauya ba, falle 20 ne, amma fallen ya riƙa sirancewa don ya dace da aljihun mai saye. Wannan ne ya sa a kan ga kwanon tsofaffin gine-ginen zamanin jirgi yana nan daram, alhali na gidan da aka gina shekaru kaɗan baya ya yi ja da tsatsa. Jirgin da ya kawo kwano shi ma harkarsa ta durƙushe, manyan motoci suka karɓe dako. Bayan ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 masu hali suka koma ga dogon kwanon alminiyam, wanda ba ya tsatsa. A ƙauyuka kuma masu soro suka gano shimfiɗa leda a tsakanin ƙasa da ƙasa, wadda ta fi kwalta araha.

Tun wajen 2011 kuma rashin tsaro ya dawo da wata tsohuwar matsala. 'Yan bindiga sun ƙona ƙauyuka da rumbuna a yankin, jama'a da yawa sun kwararo cikin manyan garuruwa, shiga daji yankan ciyawa ko saran azara ya zama kasada. Tsoron wutar maƙiyi, wanda ya sa mutanen ƙarni na goma sha tara suka so soro, shi ne yake ƙara nisanta jikokinsu daga jinka. Kwano yana da wata daraja a irin wannan hali wadda soro ba shi da ita, domin wanda hijira ta kama yana iya ɓalle fallayensa ya tafi da su.

Auna Biyun

In aka ɗora kwano da soro mai kwalta a kan ma'aunin ayyuka huɗun da aka ambata tun farko, ga abin da zai fito. Wajen tare ruwa kwano ya yi gaba, muddin an ba shi gangare, an ɗora falle a kan falle yadda ya kamata, an kuma buga ƙusa a kan tudun fallen, domin ta kwarin ne ruwa ke bi. Wajen gobara duka biyu sun fi jinka. Wajen iska soro ya fi, domin guguwar farkon damina kan yaye rufin kwano ɗungurungum in ba a ɗaure katakonsa da jikin bango ba. Shi ya sa magina da yawa kan ɗaga rawani ya kewaye kwanon, ya kare bakinsa daga iska.

Wajen zafi kuwa soro ba shi da abokin karawa. Ƙasa mai kauri tana jinkirta zafin rana sa'o'i da yawa kafin ya ratso ciki, ta kuma riƙe ɗumi da daren hunturu. Siririn kwano marar sili kuwa da rana tanda ne, da dare kuma sanyi yake saki. Wanda ya fi shan wannan wuya shi ne wanda ke yini a ɗaki: matan gida, da jarirai, da tsofaffi, da marasa lafiya. Shafa wa soro baƙar kwalta ma yana rage masa wannan falala. A ɗaya ɓangaren, binciken da aka yi a ƙasar Gambiya da wasu ƙasashen Afirka ya nuna gidan da aka toshe ratar da ke tsakanin bangonsa da rufinsa ba ya shigar da sauro kamar gidan da aka bar ta a buɗe, kuma hakan ya fi sauƙi a gidan kwano. Ruwan da aka tara daga kwano mai tsabta ma ya fi wanda ya bi ta kan kwalta amfani ga aikin gida.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba su bar soro don sun raina shi ba. Marina sun mutu, giginya ta yi ƙaranci, masu yaɓe sun tafi ci-rani, jirgi kuma ya ajiye kwano a bakin ƙofa. Kwalta ta zo a matsayin faci ga rufin da ya rasa lasonsa, kuma a matsayin faci ta tsaya, har yau ana toshe ramin ƙusa da ita. Kwano ya ci nasara a kan ruwa, amma ya bar bashin zafi wanda har yanzu ba a biya ba.

Hanyar biyan bashin ba ɓoyayyiya ba ce, kuma wasu magidanta sun riga sun bi ta: su bar soronsu yadda yake, su ɗora kwano a samansa da 'yar tazara da iska za ta riƙa ratsawa, kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. Wanda ke sabon gini kuma, gara ya rage yawan ɗakuna ya sayi kwano mai kauri da haske, ya ɗaga bango, ya sa sili, ya ɗaure katako da kyau. Nauyin da ke kan makarantun fasaha da jami'o'i kuwa shi ne su je wajen sauran tsofaffin maginan da suka san haɗin laso da ɗaurin guga, su rubuta abin da ke kansu, su gwada shi da ma'aunin zamani tun suna raye. Hukumomi kuma su mai da hankali ga dashen giginya, domin itace ne mai jinkirin girma, wanda ya dasa shi yau 'ya'yansa ne za su faskara azararsa.